Je Ka Fara, Takarda Na Nan Tafe



Maganarmu ta yau ta shafi duk wanda aka ɗora wa riƙon kuɗin da ba nasa ba: shugaban makaranta, ma'ajin kwamitin masallaci, sakataren ƙungiyar manoma, manajan kamfani, jami'in mulki na asibiti, har zuwa babban sakatare a ma'aikatar gwamnati. Ta kuma shafi mutanen da ke ɗaya gefen teburin, irin su kafinta da mai walda da mai buga takardu da mai kawo man dizal da ɗan kwangila, waɗanda ke zuba jarinsu a aikin ma'aikata sannan su zauna jiran biya.

Akwai wata magana da dukkansu suka sani: "Malam, je ka fara, takarda na nan tafe." Ana faɗin ta a waya, ana faɗin ta a bakin ƙofar ofis, wani lokaci ma a wajen ɗaurin aure ko bayan an idar da sallar Juma'a. Sau da yawa mai faɗin ba shi da wata muguwar niyya, so yake aiki ya tafi. Shi ma wanda aka faɗa wa murna yake yi, Allah ya kawo kasuwa. Amma ku tambayi akantoci da tsofaffin 'yan kwangila, za su gaya muku cewa yawancin basussukan da suka maƙale a ma'aikatu, da zumuncin da ya lalace a kansu, daga wannan gajeriyar magana suka samo asali.

Wace takarda ce ake cewa tana tafe? A ofisoshin Najeriya ana ce mata LPO, wato takardar odar saye, 'yan'uwanmu na Nijar kuma da sunanta na Faransanci suka san ta, bon de commande. Idan aikin babba ne, sai ta zama takardar ba da kwangila da yarjejeniyar da ke biye da ita. Kafin ta fito, sashen da ke da buƙata zai rubuta abin da yake so da dalilinsa. Akanta zai duba ko an yi wa abin tanadi a kasafin kuɗi, kuma ko kuɗin suna nan. A nemo farashi daga wurin 'yan kasuwa daban-daban, galibi uku, sannan wanda ke da ikon amincewa da kashe irin wannan adadi ya sa hannu. Takardar za ta fito da lamba da kwanan wata, da sunan kaya da irinsu da yawansu, da farashi, da ranar kawowa, da wurin da za a sauke, da yadda za a biya.

Wanda ya ji wannan jerin zai iya cewa ai duk ana iya yin sa daga baya. A nan kuskuren yake. Ku dubi tela. Kafin ya sa almakashi a shaddarka kana da ta cewa: za ka iya taya kuɗin ɗinki, za ka iya sauya irin aikin wuya, za ka iya ninke kayanka ka tafi shagon gaba. Da zarar ya yanka, ciniki ya ƙare, abin da ya faɗa shi za ka biya ko ku yi rigima. Haka ma'aikata take. Kafin a fara aiki tana iya tambaya ko ma ana buƙatar abin, ko akwai irinsa jibge a sito an manta da shi, ko wani zai yi shi da sauƙi, ko kuma a dakata sai kuɗin zango na gaba sun shigo. Bayan an zuba kankare ko an sauke kaya, duk waɗannan tambayoyi sun zama na banza, aikin gama ya gama. Wanda aka kawo wa fayil ya sa hannu a lokacin ba shi da sauran zaɓi. An riga an yanke masa hukunci, an kawo masa alƙalami kawai.

Mu ɗauki misali. A ce wata makaranta ce mai zaman kanta, hutu ya kusa ƙarewa, mataimakin shugaban makaranta ya ga kujerun aji uku sun karye. Ya kira kafintan unguwa ya ce a yi masa benci 100 kafin a dawo. Ba a yi maganar irin katako ba, ba a tsayar da farashi ba, "ai mun saba". Kafinta ya je 'yan katako ya ɗauki kaya bashi, ya ɗebo yara huɗu, suka yi ta aiki dare da rana. Ranar da ya kawo benci da takardar neman biya, sai akanta ya ce kuɗin da ke asusu na albashin malamai ne. Mai makarantar ya ce shi bai san da zancen ba, kuma da an tambaye shi da gyaran tsofaffin zai ce a yi. Mataimakin da ya ba da aikin ya fara ɓuya idan ya hango kafinta a bakin get. Yara sun hau benci suna karatu, kafinta kuma mai katako ya kai shi ƙara wajen mai unguwa.

A cikin wannan misali babu ɓarawo ko ɗaya, kuma duk da haka an cuci mutum. Wanda aka cuta kuwa shi ne mafi rauni a cikinsu. Ina so masu sana'a su ji wannan da kyau, domin da yawansu suna kallon LPO a matsayin wani shinge da 'yan boko suka kafa don wahalar da su. Babban kamfani yana da lauya, yana da jarin da zai jira shekara biyu. Mai ƙaramin shago ba shi da ko ɗaya. Takardar nan ita ce kaɗai abin da zai ɗaga ya ce ma'aikata ce ta ci bashinsa, ba wani mutum a cikinta ba.

Dalili kuwa shi ne ma'aikata ba ta da baki. Mutane ne ke magana da sunanta, kuma kowannensu an iyakance masa inda maganarsa ta tsaya. Shugaban sashe yana da adadin da zai iya amincewa da shi, in ya wuce nan sai darakta, in ya wuce nan sai kwamitin tanda ko hukumar gudanarwa. Wanda ya yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin kujerarsa, to da bakinsa ya yi magana. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan a babin cinikin fuduli, wato wanda ya ƙulla ciniki a kan dukiyar wani ba tare da an wakilta shi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, irin wannan ciniki yana rataye ne a kan yardar mai dukiya, in ya amince ya zartu, in ya ƙi ya rushe. Ɗan kasuwar da ya fara aiki da umarnin wanda ba shi da iko, a kan wannan igiya ya rataye jarinsa. Gaskiya ne kotu tana iya duba aikin da aka yi aka kuma amfana da shi ta ce a biya ƙimarsa, amma sai an kawo hujja, sai an ɗauki lauya, sai an yi ta zarya, kuma ƙimar da za a yanke ba lallai ta kai abin da aka faɗa da baki ba.

Wasu kuma suna jin nauyin neman takarda, suna ganin kamar nuna rashin yarda ne ga babban mutum. Mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta haɗa da ƙaramin bashi da babba. Al'ummar da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu gaskiya da riƙon amana nesa ba kusa ba. Mutum yana mantuwa, yana mutuwa, ana yi masa canjin wurin aiki. A ma'aikata, musamman ta gwamnati, wannan na ƙarshe shi ne ya fi yawa. An yi zaɓe an sauya kwamishina, an yi wa darakta ritaya, an rushe kwamitin riƙo na ƙaramar hukuma. Sabon da ya zo takardar miƙa ragama zai karanta, kuma abin da ke cikin fayil shi ne a cikinta. Ɗan kwangilar da ya zo yana cewa "wanda ya tafi ne ya ce in yi", amsar da zai samu ita ce "to je ka same shi".

Ita kanta gwamnatin tarayyar Najeriya sai da ta sha wuya kafin ta ɗauki wannan al'amari da muhimmanci. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, an tarar da kwangiloli birjik da aka bayar ba tare da tanadin kuɗi ba, ga ayyukan da aka fara aka watsar ko'ina a ƙasa. A 2001 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa don sa ido kan kasafi da farashin kwangiloli, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. Sai a watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan Dokar Sayen Kayan Gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Jihohi ma sun biyo baya da nasu: Jigawa tana da hukumar tantance kwangiloli da bibiyar ayyuka, Kaduna ta yi tata dokar a 2016.

Sashe na 16 na dokar tarayyar ya tsayar da abin da muke faɗa tun ɗazu. Ba a sayen komai sai yana cikin tsarin sayayya da aka yi wa tanadi a kasafi, kuma ba a ƙulla kwangila sai ma'aikata ta tabbatar kuɗin biya suna nan. Idan kwangilar ta kai adadin da dole sai BPP ta duba, to duk wadda aka bayar ba tare da takardar shaidar rashin ƙin amincewa daga hukumar ba, a idon doka rusasshiya ce, kamar ba a yi ta ba. 'Yan kwangila, ku sake jin wannan: kana iya kafa tanti a fili, ka kawo tirela goma ta rodi, alhali a doka ba ka da kwangila.

Dokar ta kuma san dabarar da aka saba yi. Idan ikon shugaban ma'aikata ya tsaya a wani adadi, sai a ɗauki aiki ɗaya a daddatsa shi gida huɗu ko biyar, kowane yanki ya faɗo ƙasa da adadin, don kada fayil ya hau sama. Sashe na 58 ya lissafa wannan cikin laifuka. Jami'in da aka samu da karya dokar, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba babu zaɓin tara, tare da kora daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin kwangilar. Ko ana zartar da waɗannan hukunce-hukunce yadda ya kamata, wannan wata magana ce mai ciwo. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya kusan kowace shekara cike yake da kuɗaɗen da aka biya babu takardun da suka dace, kuma ba mu cika jin an ɗaure kowa ba. Wannan sakaci ne ya sa ƙananan ma'aikata suke ganin ƙa'idar ado ce.

Idan ana son a ga iya inda sa hannu ɗaya da ba a tantance ba zai iya kai ƙasa, a dubi shari'ar kamfanin P&ID. A watan Janairun 2010 ma'aikatar man fetur ta ƙulla yarjejeniya da wannan ƙaramin kamfani kan gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko bulo ɗaya ba. Amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya yanke cewa Najeriya ta biya kamfanin dala biliyan 6.6, kuma da kuɗin ruwa adadin ya haura dala biliyan 11. Sai a watan Oktoban 2023 wata babbar kotu a Landan ta rushe hukuncin, bayan ta gano cewa an ba da cin hanci wajen samun kwangilar. Ƙasa ta tsira, amma bayan shekaru na fargaba da maƙudan kuɗin lauyoyi. Idanun da aka tsara su duba takarda kafin a ɗaure ma'aikata da alkawari, irin wannan ranar aka ajiye su domin ta.

Akwai wani dalili kuma da halin da muke ciki ya ƙara wa nauyi, shi ne tashin farashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, farashi ya daina zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti ya kusan ninka kuɗinsa cikin 'yan makonni, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan yanayi, aikin da aka fara babu rubutaccen farashi cinikin biri a sama ne. Ɗan kwangila zai kawo lissafi da farashin ranar da ya gama, ma'aikata za ta tsaya a kan farashin ranar da aka yi magana, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Da an rubuta, da an san farashin zai tsaya har kwana nawa, da wanda zai ɗauki ƙarin in an wuce.

Yanzu bari mu saurari masu ƙorafi, domin suna da hujja mai ƙarfi. Za su ce: janaretan asibiti ya mutu cikin dare, akwai jarirai a kwalba, sai mu jira kwamiti ya zauna? Rufin aji ya yaye ana tsakiyar damina, sai mu nemo farashi uku? A'a, ba wanda ya ce haka. Ita kanta dokar 2007 ta ware sashe na 43 domin sayayyar gaggawa lokacin bala'i ko barazana ga rayuka, da sharaɗin a rubuta cikakken rahoto da zarar gaggawar ta wuce. Ma'aikata mai tsari tana ajiye ɗan kuɗin ko-ta-kwana a hannun kashiya don ƙananan abubuwa, tana kuma ƙulla yarjejeniyar shekara da mai kawo dizal ko mai gyaran janareta, da farashin da aka amince da shi tun farko, ta yadda ko da tsakar dare aka kira shi akwai takardar da ta rufe shi. In ma abin ya zo ba zato, saƙon waya daga wanda ke da ikon amincewa, mai ɗauke da aikin da adadin kuɗin, ya fi "je ka fara" sau dubu, kafin gari ya waye a cike takarda.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, mafi yawan abin da ake kira gaggawa a ofisoshinmu sakaci ne da ya tsufa. Taron da aka san ranarsa tun wata uku, sai ana saura kwana biyu a tuna ba a buga kalanda da jakunkuna ba. Jarrabawar da ake yi kowane zango, sai ana gobe a ce babu takardar amsa. Laifin kuma ba na ƙananan ma'aikata ba ne su kaɗai. Shugaban da fayil zai kwana mako uku a kan teburinsa, ya yi tafiya bai wakilta kowa ba, shi ne ya koya wa na ƙasa da shi su zagaye ƙa'ida. Wanda yake son a jira sa hannunsa, wajibi ne ya sa hannun ya zama mai sauƙin samu: a tsayar da kwanakin da buƙata ba za ta wuce ba a amsa ta ba, a ba shugabannin sassa ikon ƙananan sayayya, a naɗa mai riƙo duk lokacin da oga ba ya gari.

Abu mafi muni shi ne takardar da ake ƙirƙira bayan an gama aiki. A mayar da kwanan wata baya, a nemo takardun farashi uku da sunan shaguna uku alhali hannu ɗaya ne ya rubuta su, a tura fayil kamar an bi ƙa'ida. Wannan ya tashi daga sakaci ya koma shaidar zur, kuma duk wanda ya sa hannu a ciki ya shiga. Masu binciken kuɗi ba sa shan wahala wajen gano shi. Suna jera takardu uku ne, LPO da takardar karɓar kaya ta sito da takardar neman biya, su duba ko yawa da farashi sun dace, su duba kwanan wata. Idan kaya sun shiga sito ranar Litinin, odar sayensu kuma ta fito ranar Alhamis, ko lambar LPO ɗin ta tsallake jerin 'yan'uwanta, magana ta fito fili. Ƙaramin ma'aikacin da oga ya ce masa "kira shi ya fara", ina ba shi shawara ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, a ɗan rubuta mini a kan fayil." Ranar bincike, rubutun nan ne zai tsaya masa.

Ku kuma 'yan kasuwa da masu sana'a, ba sai kun yi faɗa da kowa ba. "Ranka ya daɗe, a shirye nake, da zarar LPO ta fito gobe-goben nan zan sauke kaya." Wanda yake da niyyar biya ba zai ji haushin wannan ba. In takardar ta zo, a karanta ta, in ba a iya ba a sami wanda zai karanta. A duba ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, a tambayi nawa za a cire na harajin da ake yankewa tun daga tushe, don kada ribar gaba ɗaya ta tafi a nan. In aikin yana buƙatar kuɗin kafin alƙalami, a rubuta nawa ne da ranar bayarwa. Sannan a taka da ƙafa a je ofishin a tabbatar da lambar takardar a wajen akanta ko sashen sayayya, domin 'yan damfara sun ƙware wajen buga LPO ta bogi da tambarin manyan ma'aikatu, su karɓi kaya a bakin get su ɓace.

In ana cikin aiki wani ya zo duba wuri ya ce, "Tunda kuna nan, ku ƙara mana da katangar baya," to wannan sabon aiki ne, yana buƙatar tasa takardar. 'Yan kwangila da yawa an biya su kuɗin asalin aikin cif, ƙarin da aka sa su da baki ne ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi.

Ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai da na iyayen yara, kada ku ce wannan sai manyan ofisoshi. Littafi ɗaya mai kwafi ya ishe ku. A rubuta aikin da kuɗinsa da sunan mai yi da ranar gamawa, shugaba da ma'aji su sa hannu, a yage ɗaya a ba mai aikin, ɗaya ya zauna a littafi, a karanta shi a zaman wata. In kuɗin ya wuce adadin da kuka tsayar a tsakaninku, a jira kwamiti ya zauna kafin a ce wa kowa ya ɗauko shebur.